Gumin Ɗan Fari

Assalamu alaikum. Waɗanda suka san ni sun san ba na kawo sha'anin gidana nan. Na daɗe ban rubuta komai ba, har wasu suna tambaya ko lafiya. Yanzu lafiya lau. A baya ne aka yi jinya, kuma mai jinyar ɗana ne na fari.

Da haihuwa ta matso, maiɗakina ta tafi gidan iyayenta a Rawayau, cikin ƙasar Kurfi, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Ni ina Dutsin-Ma wajen aiki, sai ƙarshen mako nake zuwa, in yi gaisuwa a zaure in juyo. A gidansu kunyar ɗan fari tana nan da ƙarfinta. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗoki a kansa gaban manya, uba kuwa ko ɗaukarsa ba ya yi. Ga shi sunan mahaifina aka sa masa. Wannan tsari bai takura ni ba, don dama ni ba mai yawan magana ba ne.

Tun yana da 'yan makonni ake ganin gumi a goshinsa. Surukata, wadda muke kira Inna, ta ce zafin ɗakin jego ne, ga garwashi, ga hular ulu da safa. Maganarta da hujja, domin a yawancin jarirai dalilin ke nan.

Aka yi arba'in, aka fitar da garwashi, aka cire hula. Gumin bai tafi ba.

Wata rana maiɗakina ta keɓe ta kira ni a waya. Ta ce ta lura sai yana shan nono ne kansa ke jiƙewa sharkaf, ko da safe ne ana sanyi. Yakan saki nonon yana haki, ya yi barci bai ƙoshi ba. Rigunan ranar suna har lokacin sun yi masa yawa. Ta faɗa wa Inna sau ɗaya, kuma in ta maimaita za a ce ta cika rawar kai a kan ɗan fari.

Saboda haka maganar ta dawo kaina. Lokacin komawarta gidana bai yi ba, dole sai da yardar mahaifinta kafin a kai yaron asibiti.

A kan babur na yi ta tsara abin da zan faɗa. Na iske surukina Alhaji ya dawo daga wajen shanu, na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sai na ce, "Baba, ina neman izini in kai yarona asibiti."

Ban taɓa cewa "yarona" a gabansa ba. Ya daɗe yana kallona.

"Ashe naka ne, Malam? Mu nan mun ɗauka na Inna ne."

Ya yi dariya, ya aika cikin gida a ce su shirya. Inna ta ce ƙafarta ƙafar jikanta.

A asibitin Dutsin-Ma, ma'aikaciyar jinya ta tambayi sunan yaro za ta buɗe kati. Ni da uwarsa muka yi shiru, Inna ce ta faɗa. Ma'aikaciyar ta ce mu ji kunyar suna in muna so, amma in likita ya yi tambaya mu buɗe baki.

Aka ɗora shi a sikeli, nauyinsa bai kai na tsaransa ba. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce yana jin wani sauti bayan bugun zuciya, ya tura mu Katsina a ɗauki hoton zuciyar.

Hoton ya nuna ɗan huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya. Likitar yara ta bayyana mana cewa shan nono aiki ne mai nauyi ga jariri, zuciyarsa kuma tana aiki fiye da kima, shi ne gumin. Na ji tsoro ƙwarai. Na tambaye ta ko sai an yi tiyata.

"Ba yanzu ba," in ji ta. "Irin wannan yakan tsuke da kansa. Mu ba shi magani, mu sa ido."

Aka rubuta maganin rage ruwa a huhu, aka ce a riƙa shayar da shi kaɗan-kaɗan, akai-akai, a kuma riƙa kawo shi awo. Hoton da zirga-zirgar Katsina sun fi maganin cin aljihu, amma Allah Ya rufa asiri. Sau ɗaya tari ya kama shi har aka ba mu gado, aka sa masa iska a hanci. Ni na riƙe shi aka sa masa allurar ruwa, Inna tana tsaye tana kallo.

Daga nan sikeli ya fara hawa. Hoton ƙarshe ya nuna hujin ya tsuke sosai. An tsayar da magani, ba a yi tiyata ba, sai dai za mu ci gaba da kai shi dubawa.

Ga abin da likitoci suka koya mini. Gumin jariri yawanci zafi ne da yawan tufafi. A rage masa kaya, a bar iska ta shiga ɗaki, a gani. Amma in gumin yana zuwa ne lokacin shan nono, tare da haki, saurin gajiya, rashin ƙiba ko duhun leɓe, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Kuma in uwa ta ce ta lura da wani abu, a saurare ta, ko da sau ɗaya ta iya faɗa.

Ina gode wa Allah, da likitoci da ma'aikatan jinya, da surukaina da ba su sa na maimaita roƙona ba, da maiɗakina wadda ta fara gani.

Makon jiya mun je Rawayau. Yaron, da yanzu ya iya gudu, ya yi ta bin 'yan awaki a tsakar gida har ya jiƙe da gumi, ya zo ya faɗa jikina a gaban Alhaji, na ɗauke shi.

Sunansa Sulaiman. Ku sa shi a addu'a.