Namijin Dabinon da Na Shafa wa Jan Fenti

Lokacin da aka ƙirƙiro jiharmu aka ce Dutse ce babban birni, ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka jibge a can. Aikina awon ƙasa ne, kuma ban daɗe da gama makaranta ba, don haka kaina a kumbure yake. Abin da muka tarar bai kai a kira shi birni ba. Ofishinmu ɗaki biyu ne na haya, teburina kuwa ƙyauren ƙofa ne aka ɗora a kan bulo. Ran Juma'a tun kafin masallaci ma'aikata sun watse, kowa ya kama hanyar Kano, gari ya koma hannun masu shi da awakinsu. Abin yana ci min rai, domin ni ɗan yankin Miga ne, kuma na gaji da tsiyar abokaina na Kano masu tambayata ko mun fara ganin kwalta a ƙauyenmu.

Shugaban sashenmu wani injiniya ne Kirista daga Filato, dogo, marar son surutu. Oga muke ce masa. Shi kaɗai ne ba ya gudu ƙarshen mako, har iyalinsa ya ɗauko. Yakan ce garin da ba shi da tsakiya ba ya riƙe mutane, kuma a kan wannan muka yi wata da watanni muna zane. Manyan tituna biyu za su gitta juna, a mahaɗarsu a yi shataletale da doguwar hasumiyar siminti, a jera shaguna da magudanan ruwa a gefe. Ni aka ba wa fitar da layin titin da zai ratsa wata tsohuwar unguwa mai yawan dabino.

A nan na so in nuna gwaninta. Na bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, wanda na ga yana da 'ya'ya in yi ƙoƙarin kauce masa. Da ƙyar na samo layin da zai ci dabino guda tak, wani dogo a ƙofar wata makarantar allo, wanda ko ƙwaya ɗaya babu a kansa. Na tambayi wani mai wucewa ko yana haihuwa, ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Ban ƙara tambayar komai ba. Na tsoma buroshi a jan fenti na zabga masa gicciye daidai kafaɗata, alamar a sare. Taswira ta haura sama aka sa mata hannu, aka ce katafila za ta shigo ran Litinin.

Ran Laraba da yamma na je duba turakun awo, na tarar da Malamin makarantar a kan buzunsa. Tsoho ne ƙwarai, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka kawo min dabino a faifai. Ina ci ina zuba masa labarin yadda na ceci itatuwan unguwar, na bar juya guda ɗaya kawai ga katafila. Ina jiran sa albarka, sai na ga yana kallon ƙwallon da na tofar a hannuna.

"Ɗana, a garinku kuna kiwo?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, muna yi."

"To, in an yanka bunsuru don ba ya ba da nono, baɗi me awakin za su haifa?"

Na ajiye ƙwallon da ke hannuna. Malam ya yi min bayani a hankali, kamar mai biya wa ɗalibi karatu. Dabino da namiji da mace. In sanyi ya shigo namijin yakan yi huda, a hau a yanko ta, a tsattsaga, a bi matan ana sa musu a cikin tasu hudar a ɗaure. Wannan shi ne barbara, in babu ita 'ya'yan ba sa yin kirki. Akwai wasu mazan jefi-jefi a bayan gari, amma nasa ne aka sani da kyawun iri, har daga wajen Buji ake zuwa nema. Kakansa ne ya dasa shi, ya bar wasiyya kada a sayar da hudarsa, duk wanda ya zo a ba shi sadaka. Dabinon da nake ci ma ɗan wannan namijin ne.

Na tambaye shi me ya hana su magana tun ranar da suka ga fentin. Ya ce sun ɗauka hukuma ta san abin da take yi, kuma ba ya so a ce gidan malamai ne suka tare wa gari hanya. Wannan maganar ta fi zagi zafi. Kunya ta lulluɓe ni, ga ni ɗan manomi, ga takardar makaranta, amma gero da dawa kaɗai na sani. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da safen Alhamis na tsaya gaban teburin Oga. Raina yana ce min in yi shiru, ai ba wanda zai tuhume ni, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na faɗa masa komai, na jira faɗa. Sai ya tuntsire da dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ashe yana yaro ya taɓa sare namijin gwanda a bayan ɗakin mahaifiyarsa da niyyar taimako, ta ba shi kashin da har yau yake tunawa. Da ya gama dariya ya tuna min cewa taswirar da aka sa wa hannu ba tabarma ba ce da za a ja gefe. In muka karkatar da titi, gidaje huɗu za su tafi.

Muka ɗauki taswira muka tafi wurin tare. Oga ya cire takalmi ya gaida Malam, ya kira shi Baba. Ni kuwa na ja igiyar awo daga gindin dabinon zuwa turken da muka kafa na tsakiyar shataletale. Tazarar ba ta wuce jifa ɗaya ba. A nan dabara ta faɗo min. Na ce in aka jawo mahaɗar baya kaɗan, titi na biyu ya ɗan karkata ta cikin filin da ba kowa, dabinon zai faɗa tsakiyar da'irar, daidai inda aka shirya hasumiya. Oga ya auna da kansa sau biyu, domin ya daina yarda da ni, kuma ban ga laifinsa ba. Muka wuni cikin rana muna tumɓuke turaku muna sake kafawa.

Saura sa hannu. Babban jami'in da zai amince shi ma ɗan tafiyar Juma'a ne, in ya kuɓuce mana sai Litinin, lokacin katafila ta gama aiki. Washegari Juma'a muka tare shi da hantsi direbansa ya riga ya ta da mota. Oga ya shimfiɗa sabuwar taswirar a kan bayan motar. Mutumin ya ɓata rai, ya ce babban birni ne ake ginawa ba gona ba, baƙi za su zo su ga bishiya a inda ya kamata su ga hasumiya.

Oga ya ce, "Ranka ya daɗe, hasumiyar siminti kowane gari yana da ita. Wannan kuwa shekara ɗari aka yi ana gina mana ita, kuma an gama."

Jami'in ya dubi agogo, ya dubi taswira, ya tambaya wa ya yi kuskuren farko. Na ce ni ne. Ya ce to gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ya zaro biro. Da motarsa ta fita na zauna a kan dakali ina ta hamdala.

Ran Litinin katafila ta zo ta yi ta kewaya dabinon, mutanen unguwa sun yi cincirindo suna kallo. Kafin shekara biyu kwalta ta kwanta, shaguna suka buɗe. Masu shayi da masu tsire suka kafa teburansu, 'yan acaɓa suka mai da wurin matsayarsu, kowa ya ce mu haɗu a gindin dabino. Ma'aikata suka fara kwana Asabar a gari. Ni ma na ɗauko matata daga Kano, abokan da ke min tsiya suka koma roƙona in nema musu shago.

Sanyin farko bayan an buɗe titin, babban ɗan Malam ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau yanko huda, motoci suna zagaye shi a ƙasa. Masu karɓa sun yi layi a bakin titi, Malam yana raba musu da hannunsa. Na zo da wuƙa zan kankare fentin, ya riƙe min hannu.

"Bar shi, ɗana. Wanda zai zo bayanka da igiyar awo ya gani ya yi tambaya."

Malam ya rasu a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, Oga kuma ya yi ritaya bai bar garin ba. Ni na gaji kujerarsa. Duk sabon ma'aikacin da aka turo min, kafin in ba shi buroshi sai na kai shi shataletalen nan. Dabinon ya ƙara tsawo sosai, amma gicciyen yana nan daidai kafaɗata. Nakan ɗora hannu a kai in ce masa ni na yi.