Wuƙar Alƙalamin Baba

A Mandawari in ka ce kana neman Malam Ari, za a tambaye ka wanne. In ka ce mai rubutu, kowa zai nuna maka zaurenmu. Shi ne mahaifina. Kakansa ne ya zo Kano daga Borno da gafaka a kafaɗa, kuma tun daga lokacin ba a taɓa rasa mai rubuta Alƙur'ani da hannu a gidanmu ba. Barbarcin dai ya gudu ya bar mu, in ban da gaisuwa ba abin da muka iya, amma rubutun ya zauna daram. Da ka Baba yake rubutawa, ba ya duba komai, irin rubutun nan na Barnawa mai kauri, baƙi wuluk, wasullan kuma da jar tawada.

Ni ce babbar 'yarsa, Safiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ina koyarwa a wata firamare, gidan mijina kuma yana Ƙofar Mazugal, amma kusan kullum in an tashi sai na biya ta wajensa. Mutane suna cewa Baba yana da sauƙin kai, kuma gaskiya ne. Ko gishiri bai ji a miya ba zai cinye tuwonsa bai ce uffan ba. Sai dai masu yabon nan ba su taɓa taɓa kayan aikinsa ba. A nan ne za ka san taurin kai iri-iri ne, kuma na Baba ba na wasa ba ne. An ce ni na gado shi, ban musa ba.

Cikin kayan aikin nan akwai wata 'yar wuƙa mai ninkewa, mai ƙotar ƙaho, wadda tun kafin a haife ni take zaune a aljihun gaban rigarsa. Ba a yanka lemo da ita, ba a yanke farce. Aikinta ɗaya ne, fiƙe karan gamba ya zama alƙalami. Zai fere karan, ya tsaga bakin, ya datse kan a karkace, duk kafin ka gama gaishe shi. Tsabar washi ta sa ruwan wuƙar ya sirance kamar ganyen albasa, ƙotar kuma ta lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama.

Bara likita ya ce Baba yana da hawan jinin ido. Ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa ganin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa sai dai ya rage saurin tafiyar sauran. Baba ya saurara, ya yi godiya, da muka fito ya ce mini Alƙur'anin da ke hannunsa shi ne na ƙarshe, kuma yana roƙon Allah ya ga ƙarshensa da idonsa. Ya riga ya ci ƙarfin aikin, 'yan izu kaɗan suka rage. Duk gidan muka ɗauka kafin ƙarshen damina an gama.

Sai jajibirin Babbar Sallah ya zo. Kowa ya san yadda ake yi a ranar, duk wata wuƙa da ke gida, babba da ƙarama, tattarawa ake yi a kai wa mai washi saboda aikin nama. Ƙanena Hashim ne ya ɗauki wannan aikin, kuma shi Hashim in ya tashi yin abin kirki ba ya tambayar kowa. Ya bi ɗaki-ɗaki ya kwashe wuƙaƙe. Da ya zo zaure, Baba ya shiga alwala, wuƙarsa tana kan buzu, sai ya haɗa da ita wai ita ma ta ji gyara. Mai washin kuwa layi ne a gabansa har bakin titi, bai tsaya duba ta wace ce ba, ya ɗora ta a kan dutsen nan mai juyawa kamar wuƙar fawa. Abin da ya dawo mana da shi bai fi tsinken sakace ba, kan ma ya guntule.

Baba ya karɓa, ya shafa ta da yatsa tun daga ƙota har inda ta ƙare. Ya ninke ta ya mayar aljihu. Abin da kawai ya ce shi ne, "Allah ya yi maka albarka, Hashimu." Wallahi da marinsa ya yi da ya fi wa Hashim sauƙi, don ko naman sallar bai iya ci ba.

Ni dai a raina na ce wuƙa ce, Kano kuwa ba ta rasa wuƙa ba. Ashe ban san abin da ke gabana ba.

Hashim ne ya fara, don ya wanke kansa. Ya yi oda ta waya, aka kawo wata ja mai sheƙi a cikin kwali. Da ka buɗe ta sai ga almakashi, ga zarto, ga abin buɗe kwalba, har da na sakace haƙori. Baba ya jujjuya ta, ya ce, "Wannan wuƙa ce ko shagon kafinta?" Hashim ya sake kawo wata baƙa, wadda in ka danna wani maɓalli take fitowa fat da kanta. Baba ya zabura har hularsa ta karkace. Ya ce, "Da tsufana kake so a tare ni a hanya a ce ɗan daba ne? Fitar mini da ita daga gida."

Daga nan na karɓi ragamar. Wata Asabar na sa shi a adaidaita sahu muka tafi Kasuwar Kurmi, wajen wani mai sayar da wuƙaƙe da ake kira Mikail, mutum mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya shimfiɗa wa Baba tabarma, ya zube masa duk masu ninkewar da yake da su. Baba ya zaro karan gamba daga aljihu ya fara gwaji. Wannan ta yi nauyi, za ta yaga aljihu. Wannan farin ƙarfe ce, ba ta riƙe kaifi, shi baƙin ƙarfe yake so ko da yana tsatsa. Wannan bayanta ya yi kauri, fasa kara za ta yi maimakon ta tsaga shi. Wannan kuma sakwa-sakwa take, wata rana za ta rufe a kan yatsa. Kowace ya gwada sai bakin alƙalamin ya dare gida biyu ko ya tafi gefe, sai ya yar da karan ya ce, "Ka gani ko?" Har azahar muna nan, gaban rumfar ya cika da ɓawon kara. Kunya ce ta sa na sayi wata ƙarama mai ƙotar katako, don kada mu tashi haka nan. Baba ko kallonta bai yi ba.

Na kai guntuwar tsohuwar wajen wani maƙeri a unguwarmu, na ce ya ƙera mini irinta sak. Mutumin ya yi ƙoƙari, har ƙahon ya samo. Baba ya riƙe ta bai fi ƙiftawar ido ba ya ce ba ta zauna masa a hannu ba. Na kawo reza, ya ce shi ba wanzami ba ne. Na ce to ga alƙalamin ƙarfe da ake sayarwa, a ƙarasa da shi mana. Ranar ce kaɗai ya ɗaga mini murya. Ya ce Alƙur'anin da aka faro da kara ba za a ƙarasa shi da ƙarfe ba, duk mai ido zai ga inda hannu ya canza.

Haka Muharram ya shiga ya fita, takardun suna cikin gafaka a rataye. Tawada ta bushe a ƙoƙo. Ni kuwa ina kallon abin da likita ya faɗa yana faruwa a gabana. Baba zai zuba shayi ya zuba a gefen kofi. Maƙwabcinmu na shekara da shekaru zai yi sallama, sai ya yi magana sau biyu kafin Baba ya san ko wane ne. Raina ya riƙa ɓaci, in na koma gida kowa ya sha faɗa, har mijina ya fara tambayata ko shi ne ya wasa wuƙar.

Wata ranar Laraba bayan la'asar na same shi a zaure, ya jera wuƙaƙen da aka tara masa a kan buzu, yana zaune kawai. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

Na ce, "Baba, don girman Allah me kake so mu yi? Mun zagaye Kano kaf. Idon nan ba jiranka yake yi ba, kai ma ka sani. A kan wuƙa za ka bar aikin nan a rataye? Wuƙa fa, Baba!"

Na ɗauka zai kore ni. Sai kawai ya ce, "Zauna, Uwata."

Na zauna.

Ya ce, "Wuƙaƙen nan ba su da laifi. Ta maƙerin nan ma ta fi tawa kyau. Ni ne ba na ganin bakin karan. Na fi shekara ba na ganinsa. Harafi ina gani, don yana da kauri, amma tsagar alƙalami ta fi gashi siranta. Tsohuwar tawa hannuna ya san ta, in na sa yatsa a lotsawar nan, ita take kai kanta inda za ta. Waɗannan kuwa sai da ido."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya ce, "In ce wa 'ya'yana ban iya fiƙe alƙalami ba?" Ya ɗan yi murmushi. "Kawo hannunki."

Na miƙa masa. Ya shafa tafin, ya auna yatsuna da nasa, sannan ya riƙa laluben wuƙaƙen yana ɗora mini ɗaya bayan ɗaya, yana rufe hannuna a kansu. Ta maƙerin ta yi mini girma. Da ya zo kan 'yar mai ƙotar katakon nan da na saya don kunya, sai ya tsaya. Ya buɗe ta, ya rufe, ya saurari ƙarar, ya gwada kaifin a farcensa.

Ya ce, "Wannan ce. Tun kina rarrafe kike kallona ina yi. Ɗauko kara."

A gidanmu ba a taɓa koya wa mace wannan aikin ba, ba don an hana ba, kawai dai ba wanda ya taɓa tunanin haka. Na ɓata kara ya fi a ƙirga, na yanke yatsa, na yi tsaki har ya ce in yi a hankali a gaban takardu nake. Kowanne na miƙa masa sai ya shafa bakin da babban yatsa ya ce, "Sake." Sai a kwana na uku ya shafa wani ya gyaɗa kai, ya ce a jiƙa masa tawada.

Ya gama a watan Sha'aban, hancinsa kusan yana taɓa takarda. Ni na riƙa fiƙe masa alƙalami har harafin ƙarshe. Amma makonnin nan da muka ɓata a yawon kasuwa sun ci abin da suka ci. Shafukan ƙarshe da hannunsa ya rubuta su, sai dai jan wasullan ya daina ganinsu, ni na duba masa ina karantawa yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ɗora tafinsa a kan shafin ƙarshe ya daɗe bai ɗauke ba, ya tambaye ni ko layin ya miƙe. Na ce ya miƙe, kuma gaskiya na faɗa. Har yau in na tuna ya roƙi Allah ya ga shafin nan da idonsa, sai in ji kamar in rufe shi da faɗa.

Wuƙar mai ƙotar katakon nan tana cikin jakata kullum. Malaman makarantarmu sun gaji da roƙona aronta su yanka lemo, sun ce rowa gare ni. Baba ya daina rubutu, amma duk ranar da na je, muna gama gaisawa zai ce, "Uwata, fiƙe mini ɗaya." In fiƙe in ba shi, ya shafa bakin a hankali, ya ce tsagar ta ɗan yi gefe, sannan ya sa shi a aljihun gaban rigarsa kusa da guntuwar tsohuwar wuƙarsa.