Ƙotar Baballe Da Ta Ƙi Karyewa

Kafin ruwan madatsar Tiga ya iso gonakin Bunkure, Baballe masassaƙi ne kamar kowane masassaƙi. Ya sassaƙa ƙota, ya huda ta da ƙarfen da ya yi ja a wuta, ya soka mata ruwan fartanya, mai ita ya saɓa ya tafi. In ta karye ya dawo a yi masa wata, babu mai ganin laifin kowa.

Da aka jawo ruwa aka fara noman rani, sai ƙasa ta sake hali. Ta zama laka mai riƙo, manomi in ya sara sai ya banƙare kafin ya ciro fartanyarsa. Ƙotoci suka shiga karyewa. Wata rana ta Hammadu ta karye daidai wuya, ƙarfen ya yi tsalle ya sare shi a ƙauri. Hammadu kuwa aminin Baballe ne tun suna yara, kuma bai taɓa riƙe ƙotar wani ba sai tasa.

Hammadu bai yi faɗa ba, da ma ba halinsa ba ne. Da ƙafar ta warke sai ya je kasuwar Kura ya sayo ƙota a wurin wani masassaƙi. Ya biyo ta gaban rumfar Baballe da ita a kafaɗa, ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya wuce. Baballe ya ji ciwon wannan gaisuwar har cikin ransa, gara a ce zaginsa aka yi. Nan take ya ƙudura cewa ba zai huta ba sai Hammadu ya sake saɓa ƙotarsa, kuma daga ranar babu itacen da zai bar rumfarsa sai an san iya nauyin da zai ɗauka.

A bayan gari akwai wata kwalbati da ruwa ke bi ta ƙarƙashinta zuwa gonaki. Nan Baballe ya mayar wurin gwaji. Sai ya gitta ƙota a kan bakin siminti biyu, ya ɗora mata nauyi a tsakiya, shi kuma ya kwanta rigingine yana leƙen ƙasanta. Yakan ce saman ƙota matsewa yake yi, cikinta kuma miƙewa, kuma tsaga kullum daga cikin take farawa. Yana da wani guntun kara da yake auna yadda ta lanƙwasa, da kuma ko ta miƙe in an sauke nauyin. Har zuwa nan babu wanda ya ce Baballe ya zautu.

Matsalar nauyin ce. Buhun albasa yau ɗanye gobe busasshe, buhun takin zamani kuwa wa zai ba ka aro a shekarun nan da ake bin layinsa kamar na sukari? Sai ya tuna da Hambali mai tsire, mutumin da in ya hau akori-kura direba ke sauke fasinja biyu. Ya roƙe shi ya riƙa zama a kan ƙota. Hambali ya yarda, bisa sharaɗin a riƙa dama masa fura. Daga nan ma'auni ya samu a garin: akwai ƙota mai rabin Hambali, wato ya zauna ƙafarsa ɗaya na ƙasa, akwai mai Hambali guda, akwai mai Hambali da tulun ruwa a cinya.

Sai dai Baballe ba ya tsayawa. In ƙota ta ɗauki Hambali, sai ya ce ai ba a san iyakarta ba tukuna, a ƙara. A yi ta ƙarawa har sai ta ce ɓas, Hambali ya zube cikin ruwa. A nan ne fuskar Baballe ke washewa. Ya tsince guntayen biyu, ya goge su, ya miƙa wa wanda ya ba da aikin.

"Malam Isiyaku, ka yi dace," in ji shi wata rana. "Ƙotarka ta ɗauki Hambali da tulu, ba ta ko yi ƙara ba sai da muka ɗora dutsen niƙa."

Isiyaku ya juya guntayen a hannu. "To ai a karye take, Baballe."

"Da ba ta karye ba, ina za mu san ƙarfinta?"

"To ba ni waccan da ke jingine, ita ba ta karye ba."

"Allah ya kiyaye! Waccan ban san ta ba. In ba ka abin da ban sani ba, ka je ya sare ka?"

Haka manoma suka riƙa barin rumfar, kowa da guntaye biyu da kyakkyawan yabo. Masassaƙan Kura suka yi ta ciniki. A duk garin mutum ɗaya ce ta ci ribar abin, wato Iyatu matar Baballe, don babu mai itacen girki irin nata. Marke da ƙirya zalla take hurawa, a sassaƙe, a goge, har maƙwabta na cewa tuwonta ya fi na kowa gata. Duk da haka takan ce masa, "Malam, wutar dai ta yi kyau, amma tukunyar fa?" Shi kuwa sai ya ce ta yi haƙuri, ana dab da gano bakin zaren.

Da azumi ya zo sai lissafi ya rikice. Hambali ya rame, ƙotocin da a da za su karye suka riƙa tsira. Baballe ya tsorata ƙwarai, ya ce ma'auni ya lalace. Ya dakatar da gwaji har bayan salla, ya sa Iyatu ta riƙa aika wa Hambali ƙosai da kunun tsamiya don kada ya ƙara zubewa. Har Hambali ya koma yadda yake, Baballe na zagaya shi yana duba wuyansa kamar mai tayin rago.

A shekarar da aka matsa wa kowa sai ya shuka alkama, Baballe ya samo zuciyar wata tsohuwar ƙirya daga wajen Madobi. Ya zauna ya sassaƙa ta, ya bar mata kauri kamar taɓarya. Aka kai ta kwalbati. Ta ɗauki Hambali, ta ɗauki tulu, ta ɗauki dutsen niƙa. Hambali ya tashi ya faɗo mata da dukkan jikinsa. Guntun karan Baballe bai nuna ta ko motsa ba. Da aka matsa, bakin simintin ne ya ɓare. Baballe ya zauna a ƙasa, hawaye na zubo masa don murna.

Da kansa ya kai wa Hammadu har gida, rungume da ita da hannu biyu, don hannu ɗaya ba ya iyawa.

"Ga ta, Hammadu. Wannan ko jikokinka ba za su ga karyewarta ba."

Hammadu ya ɗaga ta, ya ji nauyinta, ya dubi fuskar abokinsa. Kunya ta hana shi cewa komai sai godiya.

Ba a yi nisa da aiki ba ruwan fartanyar ya lanƙwashe, don ƙotar ta fi ƙarfinsa. Baballe ya garzaya maƙera, ya sa aka ƙera wani da sifirin babbar mota. Yanzu ƙota ba ta karyewa, ƙarfe ba ya lanƙwasa, laka kuma tana nan da riƙonta. Hammadu ya so ya jingine ta ya ɗauko tsohuwarsa ta Kura, amma ina hali? Kullum da safe Baballe na zaune a kan kunya a bakin gonar, ya zuba tagumi yana kallon ƙotarsa tana hawa da sauka, yana murmushi. Hammadu ya ci gaba da sara.

Ranar ban ruwan gonarsa, yana buɗe wa ruwa hanya zuwa fangali, fartanyar ta nutse cikin laka ta kafe. Ya banƙare iya ƙarfinsa. Sai aka ji ƙas.

Baballe ya zabura, ya faɗa cikin ruwa, ya fizge fartanyar. Ya shafa wuyanta, ya duba cikinta, ya ƙwanƙwasa ta a kunne.

"Alhamdu lillahi! Lafiyarta ƙalau, Hammadu, ko tsaga babu!"

Da ya juyo sai ya ga Hammadu a duƙe yadda ya bar shi, hannu ɗaya a ƙugu, ya kasa ɗagowa. A amalanke aka kai shi gida.

Aka kira mai ɗori, aka je asibiti, aka sha saiwoyi. Baballe ya kasa zuwa dubiya sai da Iyatu ta kora shi. Ya tarar da Hammadu kwance a kan tabarma a zaure, an tokare shi da matashi. Suka gaisa.

"Baballe," in ji Hammadu, "ƙotar ka auna ta da Hambali. Ni da wa ka auna ni?"

Baballe ya sunkuyar da kai.

"A da in ta karye nakan samu in zauna a inuwa, in sha ruwa, kafin ka gyara mini wata. Wannan kuwa ba ta gajiya. In Allah ya tashe ni, ka sassaƙa mini wadda za ta riga ni karyewa."

Baballe ya koma rumfa ya zaɓi itace mara nauyi, ya sassaƙa ƙota siririya, ya goge kanta sumul. Hambali ya zo da ƙwaryarsa yana tambaya ko za a je kwalbati, Baballe ya ce a'a, ya dai sa aka dama masa furar.

Hammadu ya tashi, amma bayan bai ƙara miƙewa ba, kuma bai sake riƙe fartanya ba. Ƙanensa ne ya karɓi gonar. Ƙotar nan siririya ba a taɓa soka mata ƙarfe ba. Tsawonta ya zo daidai da mutumin da ke tafiya a duƙe, kanta kuma ya zauna masa a tafin hannu, sai ya mayar da ita sandar dogarawa. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa kasuwa, kullum kuma sai ya biyo ta gaban rumfa ya yi sallama. Baballe ya amsa, ya bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ya koma kan gizagonsa.