Gida na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

'Yar tela ce, kuma tun tana ƙarama babanta ya hana ta yin awo sau ɗaya. Da ta kai aji uku a jami'a aka ɗauke ta koyon aiki na wata uku a wata cibiya mai binciken lafiyar yara. Aka ba ta sikeli da takardu, ta riƙa bin gida-gida. Kafin sati ya zagayo yaran layin da aka tura ta sun raɗa mata Mai Sikeli.

A gida na ɗari biyu da sha huɗu, ɗaki ɗaya bayan shagon walda, wata tsohuwa ta miƙo mata jikarta mai shekara biyar. Kilo tara. Ta sauke ta, ta gyara sikelin, ta sake ɗora ta. Tara dai.

"'Yar nan, za a zo a duba ta?" in ji tsohuwar.

"Za a zo, Kaka. Duk yaron da ya rame ana turo masa ma'aikaciyar jinya."

Gaskiya ta faɗa, amma sai an tace alƙaluma ake fitar da jerin gidajen. Mai tacewar kuwa, wani mai gilashi da bai taɓa taka layin ba, ya ga kwamfuta ta ja wa lambar jan layi, ya goge ta. Da Mai Sikeli ta gano, ta je ta same shi.

"Sha tara kike nufi. 'Yan koyo kun saba cinye lamba," ya ce.

"Sau biyu na auna."

"To, sau biyu kika yi kuskure."

Ji mutum! Ta je wajen shugabar sashe, aka ce tana taro. Ta rubuta takarda, shiru kake ji. Wa zai saurari yarinyar da ko kujerarta ta aro ce? Jeri ya fita babu gidan. Baƙin ciki ya hana ta cin abinci.

Ranar da ta gama, ta mayar da sikeli da katin shaida, ta koma bayan shagon walda hannu rabbana. Tsohuwar ta shimfiɗa tabarma da rawar jiki.

"Kullum sai na yi mata wanka na sa mata riga mai kyau, kar su zo su same ta da datti. Sun kusa?"

Mai Sikeli ta sunkuya ta ɗauki yarinyar. Ba ta kai taran ba yanzu.