Dubravka da Taurin Kan Tsofaffinmu

Jirgin ruwan safe na tsayawa, Dubravka ce farkon sauka, jaka a kafaɗa, ma'aunin ƙarfin hannu a ciki. Shekara ashirin ke nan tana zagaya tsofaffin tsibirinmu duk bayan shekara biyu. Mutanen nan dai, tambayoyin nan dai: barci, gwiwa, magani, fansho. Da amsoshin ne masu binciken tsufa a Zagreb, babban birninmu, suke aiki. Wanda ya janye kuma ba a maye gurbinsa, don tarihin jikinsa ake bi.

Mu kuwa wallahi mun gasa mata aya a hannu! Mutum na dogara sanda biyu, a tambaye shi lafiya, ya ce garau. A nan abin kunya ne namiji ya ce yana ciwo. Sai an ɗura mata kofi da busasshen ɓaure, an zagi gwamnati, kafin a amsa tambaya ɗaya, ita ma rabinta ƙarya.

Bana, a zagayenta na ƙarshe, Barba Frane, wato Kawu Frane, tsohon masunci, ya rufe mata ƙofa. Hannunsa ya fara rawa, ba ya son ma'auni ya tona shi. A gaban maƙwabta ta zauna a dakalinsa, rana na dukanta.

"Tafi, yarinya! Rubuta na bara waccan."

"Yarinya mai jikoki uku? Barba, ba na rubuta abin da ban gani ba."

"To rubuta na mutu."

"Matacce ba ya ihu haka. Masu ƙarfi duk sun matsa ma'aunin. In marasa ƙarfi suka ɓuya, a Zagreb cewa za a yi tsofaffin tsibiri lafiya lau suke, likita na me? Ka ɗauki alhakin?"

Can ƙofa ta buɗe. Ya matsa ma'aunin har jijiyar wuyansa ta tashi, allurar ba ta kai rabin inda ta saba ba. Ya daɗe yana kallon allurar.

"Rubuta," ya ce. "Ki ƙara da cewa ba na iya saka maɓallin riga."

Dubravka, ke ce mai haƙurin da ba mu cancanta ba. Mun gode, ko da yake a makare. Ku kuma masu taurin kai, wata za ta gaje ta. Ku buɗe ƙofa, ku faɗi inda ke ciwo. Frane ya faɗa a bainar jama'a, kuma har yau ba wanda ya fasa cire masa hula.