A Gidan Saratu, Mai Kai Ke Zaɓen Hanya

Saratu ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. An haife ta a wani ƙauye kusa da Damana, gidan manoman hatsi, kuma wurin gwaggonta ta koyi kitso, tana gwadawa a kan ƙannenta suna kuka tana lallashi. Aure ya kawo ta Filinge, gidan Isma'ila tela, a unguwarmu ta bayan kasuwa. Hannunta ba shi da zafi, bakinta ba ya ɗaukar maganar wani, kuma ba kasafai ake samun abubuwan nan biyu tare wurin mai kitso ba. Ni tun ina budurwa ita ke yi mini, har yanzu da furfura ta fara leƙowa.

Rashin gulmar nan ya so ya zame mata matsala. Rumfarta shiru take, sai kukan keken ɗinkin mijinta daga zaure. Mace na ɗora kai bisa cinyarta sai barci ya kwashe ta, kai ya langaɓe, tsaga ta karkace. Saratu ta sha dungure mu da gindin mataji, ba ta dai taɓa samun maganin abin ba sai da Madam Ummul ta zo.

Madam Ummul malamar Faransanci ce da aka kawo kwalejin garinmu, doguwa, mai yawan gashi, irin wanda ke cinye yini. Ranar da ta fara zuwa ta taho da wani ɗan littafi mai koren bango, duk ya sha hannu. Ana kitso tana karatu, amma ba kamar yadda muka saba ganin ana yi ba. Sai ta karanta kaɗan, ta tsallake can gaba, ta sake dawowa baya. Can sai ta ja tsaki ta ce ta mutu. Saratu ta saki gashin ta leƙa fuskarta, ta tambaye ta ko kan ne ke ciwo.

Madam ta yi dariya, ta bayyana mana. Ta ce a irin wannan littafi kai ne mai tafiyar. Labari kan kawo ka mararraba ya tsaya, ya ce in za ka shiga kogo tafi lamba kaza, in za ka bi gefen dutse tafi lamba kaza. Wata hanya ta fisshe ka, wata ta halaka ka. Wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa ta tsinto su a Yamai, tana da su da yawa cikin kwali.

Saratu ta ce ta koma farko, ta juya mata shi da Hausa. Labarin wani matafiyi ne da ya fita neman magani saboda ciwo ya shigo garinsu. Ya iso bakin gada, ga wani ƙato yana barci a kanta da gatari. Littafi ya ce ko ya lallaɓa ya wuce, ko ya zare takobi. Saratu ta ce a tashe shi a gaishe shi. Madam ta duba ta ce babu wannan.

"To, wanda yar rubuta abin ga ba shi da tarbiyya," in ji Saratu. Amma ta zaɓi lallaɓawa, kuma ranar har aka gama kitson babu wadda ta yi gyangyaɗi.

Daga nan duk ranar da Madam ba ta da aji da yamma, rumfar cika take yi. Da farko kowa na faɗin nata, har aka kusa faɗa tsakanin masu son kogo da masu son gefen dutse. Saratu ce ta kafa doka: wadda kanta ke bisa cinya ita ke zaɓe, sauran su ba da shawara in sun so, kuma ba a komawa baya. In ka mutu ka mutu, sai wata ta ɗora kai a faro daga farko. Na san matan da suka tsefe kitso bai ko tsufa ba don su sami zaɓe.

Cikinmu babu mai zafin sharhi kamar Inna Haske, tsohuwar da ke sayar da kopto, kwaɗon ganye, a tasha. Gashinta bai kai a kama ba, amma tana zuwa da kujerarta. Ita ke yanke wa kowane littafi hukunci in an gama. Mai koren bango ta ce shi ne sarkinsu, don duk inda zai kashe ka sai ya fara nuna maka alama, ko ƙashi a bakin ƙofa, ko tsuntsaye su yi shiru. Akwai wani na gida mai ƙofofi barkatai, shi ta ce mai shi macuci ne, ka buɗe ƙofa kawai ka faɗa rami ba laifin tsaye ba na zaune. Wani kuma na jirgi a cikin taurari, ba mu ma ƙarasa shi ba, don ta dame mu da tambayar me mutumin nan yake ci, kuma wa ya bar wa gida. Madam kan kare marubutan, ta ce wasa ne. Inna Haske ta ce ai wasa ma da ƙa'ida ake yin sa.

Ana cikin haka aka mayar da Madam Ummul garin Abala. Ta zo sallama da kwalin a kanta, ta ajiye wa Saratu, ta ce can ba za ta sami masu saurare kamarmu ba. Muka yi ta godiya, sai bayan ta tafi muka dubi juna, don littattafan da Faransanci suke. 'Yan matan da ke zuwa lakwal suna iya karantawa, amma juyawa da Hausa ta gagare su, sai su yi ta in-ina har daɗin ya tsere.

Wata yamma ana wannan fama, sai muka ji keken ɗinki ya tsaya. Isma'ila ya yi gyaran murya daga zaure ya gyara wa yarinyar da ke karatun wata kalma. Ashe duk tsawon lokacin nan yana saurare. Ya yi lakwal yana yaro kafin a cire shi a kai shi koyon ɗinki, kuma Faransancin bai gudu duka ba. Saratu ta ce masa tunda ya iya gyara sai ya karɓa. Ya ce shi ba zai zauna cikin mata ba kawunansu a buɗe. Sai aka kafa masa kujera a bayan zana, yana karatu da tabaransa na zura zare, muna jin murya ba ma ganin mutum.

Ya iya ba da labari fiye da yadda muka zata. Yana canza murya, in dodo ne ya yi kauri, in tsohuwa ce ya shaƙe. Sai dai mutum ne mai taushin zuciya. Aka ɗauki lokaci babu wadda ta mutu. Mu muna murna, muna cewa mun ƙware. Inna Haske ce ta lura cewa duk sa'ad da mai kai ta zaɓi hanya, sai a ji ƙarar takarda a bayan zana, wani lokaci kuma tari ya biyo baya, ya tambaya ko ta tabbata. Rannan ta tashi a hankali ta zagaya, ta same shi da yatsu uku cikin littafi, ya riƙe kowace hanya yana leƙawa.

"Isma'ila, mi kake yi haka?"

"Inna, rijiya ce gabanta. Ɗiyar mutane ce, ga ta da goyo."

"Bar ta ta faɗa. Mu mun ce maka ceto muka zo nema?"

Saratu ta yi dariya har ta saki kitso. Dare bai yi ba sai da labarin ya kai tasha. Daga ranar aka ce ya riƙa ɗora hannu bisa zana in ana zaɓe, don a ga ba ya leƙe. Ya bi dokar, amma in mace ta mutu sai ya karanta mata ƙarshen da murya ƙasa-ƙasa kamar mai kai ta'aziyya.

Littattafan suka ƙare, muka maimaita su har muka san kowane rami. Bangonsu ya rabu, Isma'ila ya ɗinke su da zaren keke. Sai wata rana kaina na bisa cinyarta, Saratu ta ce, ba tare da ta daina kitso ba, wai ga ni na fito daga Filinge zan kai kayan biki Bonkuku, amalanke ya karye a hanya, ga hadari ya haɗo. Zan jira mai gyara, ko zan ɗauki kayan a ka in nufi wata rugar Fulani da nake hangowa? Na ce ruga. Haka ta fara nata, daga kanta, babu takarda. A nata ana gaisuwa, ana cin abinci, kuma kullum akwai wadda za ka tambaya hanya.

Mun so su ƙwarai, amma ba su tsira daga sharhi ba. Inna Haske ta ce labaran suna da daɗi, sai dai babu tsoro a ciki, don mafi munin abin da ke samun mutum shi ne ya isa biki an gama rabon tuwo. Saratu ta ce ita ba za ta iya kashe wadda kanta ke bisa cinyarta ba. Madam Ummul, da ake aika mata labaran ta saƙon murya, ta goyi bayan Saratu. Inna Haske ta ce dama malaman lakwal ba su san wahala ba.

Bara da damina ciwon ƙafa ya kwantar da Inna Haske, ta daina zuwa tasha, ta daina zuwa rumfa. Saratu ta ɗauki mataji da man kitso ta tafi gidanta, na raka ta. Ta tallafi kan tsohuwar ta kama ɗan gashin da ya rage, ta fara mata labari. Wannan karon ta sa mata kura a bakin rijiya, ga guga ya faɗa ciki, ga busasshiyar bishiya a gefe, ga rana na faɗuwa. Ta ce ko ta hau bishiya, ko ta ruga gari. Inna Haske ta buɗe ido ta tambaya ko kurar ta gaske ce, mai cin mutum. Saratu ta ce ta gaske ce, kuma yunwa take ji.

"Madalla," in ji tsohuwar. "Yanzu kin zama mai labari."

Ta daɗe tana tunani, ta ce bishiya. Reshen ya karye, kura ta cinye ta. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce laifinta ne, ai an faɗa mata tun farko bishiyar busasshiya ce, ita ce ba ta kula ba.

Ta warke bayan girbi, ko da yake yanzu da sanda take tafiya, kuma jikarta ce ke zama tasha da kopto. Saratu na nan tana kitso, amma yatsunta sun fara gajiya, kai biyu take yi a yini ta huta. Ranar kasuwa matan ƙauye kan biyo da kayansu su zauna, wasu ba kitso ya kawo su ba. Makon jiya wata daga Damana ta roƙe ta ta koya mata yadda ake shirya irin labarin, tana so ta yi wa matan garinsu. Saratu ta ce ta dawo kasuwa mai zuwa da kanta a tsefe.