Hoton Alhaji Barau a Bakin Rumbu

Har gobe ban manta da ranar da na raka Bature mai ɗaukar hoto zuwa Kwarin Gawo ba. Ku malaman gona na yanzu, da kuke yawo da waya kuna ɗaukar kowane zangarniyar dawa kuna tura wa hedikwata, ku gyara zama ku ji wannan, don da ni aka yi.

A shekarun farin nan ne na zamanin soja, lokacin da ruwa ke ɗaukewa tun gero bai gama fid da kai ba. Ina ƙaramin malamin gona, an ba ni wasu ƙauyuka a arewa da Ɗambatta, da babur ɗin ofis wanda ba ya tashi sai da turi. Aikinmu raba iri, koyar da feshi, da rubuta rahoton wata. Akwai kuma wata ƙa'ida: idan baƙo ya zo daga hedikwata da takardar izini, malamin yankin shi ne ɗan rakiya, shi ne tafinta, shi ne kuma mai neman ruwan sha.

Da safe shugaban sashenmu, Oga Tijjani, ya kira ni. Ya ce, "Malam Sale, ga baƙo daga wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Turai. Yunwa ya zo gani. Ka kai shi ya gani, ka dawo min da shi lafiya."

Yunwa kam akwai ta, kar wani ya fita daga nan ya ce na ce babu. Can gaba wajen iyaka mutane sun sayar da shanunsu a wulaƙance, gidaje da yawa tafasa ake dafawa a kwana a kanta. Na ce mu nufi can. Direban motar baƙon ya ce hanyar yashi ce, ga shi jirgin baƙo gobe zai tashi. Saboda haka aka yanke shawarar a nemo yunwar da ke kusa da kwalta.

Muka ɗauki hanya. Mun wuce gonakin rake da shinkafa a gindin madatsar ruwa, kore shar har iya ganinka, Bature yana gyangyaɗi. Mun wuce kara, wato kasuwar dabbobi, ana loda shanu a manyan motoci za a kai Kudu. Mun wuce ayarin mata sun dawo daga suna, an sha atamfa da lalle, sai walƙiya suke. Nan ya farka, ya kalle su ya yi murmushi, kyamara tana kan cinyarsa da murfinta. Na tattaro ɗan Turancina na ce ko a tsaya ya ɗauka. Ya ce abin ya yi kyau ƙwarai, sai dai fim ɗinsa ƙidayayye ne, ba zai kashe shi a kan abin da ba labari ba.

Wajen hantsi muka shiga Kwarin Gawo, na ce a tsaya gidan Alhaji Barau a sha ruwa, don duk baƙon da ya shigo garin nan ake sauke shi. Alhaji Barau manomi ne na gani na faɗa. Rani duka jakunansa a hanya suke, suna kai itace da kara birni suna dawowa da taki. Gonarsa ba ta san hutu ba, ba ta kuma san gajiya ba. Yana da fadama, yana da shanun noma, kuma bai taɓa sayar da hatsi da kaka ba. Farin ya taɓa shi kamar kowa, amma ya same shi da ajiyar shekaru. Sai dai Allah ya yi shi siriri. Ko rago guda ya cinye, daga ƙofar zaure kana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Abu ɗaya yake nema a duniya, rawanin Sarkin Noma. Ga waɗanda suka tashi a birni, sarauta ce da hakimi kan naɗa wa manomin da ya noma dami dubu da guminsa. Akan baje damman a fili jama'a su gani, a yi kiɗa, a naɗa rawani. Alhaji ya cika sharaɗin tun kafin farin ya yi tsanani, wanda ke riƙe da sarautar ya rasu, hakimi kuma ya yi masa alkawarin naɗi bayan kaka.

Muka tarar yana gyaran rumbu. Al'ada ce kafin a kawo sabon amfani, a kwashe abin da ya rage a rumbu guda, a cire jinkar, a shiga a share, a yi hayaƙi don ƙwari, a yaɓe tsagar da bera ya yi. Alhaji ba ya barin kowa ya yi masa wannan aiki. Da ya ji ƙarar mota sai ga kansa ya leƙo daga bakin rumbu, fuska duk toka, ido jajir saboda hayaƙi, da wata yagaggiyar riga da ko barori ba za su karɓa kyauta ba.

Wallahi ban san Bature yana da irin wannan zafin nama ba. Kafin direba ya kashe mota ya dira, murfin kyamara ya faɗi a ƙasa bai ma waiwaya ba.

Na gabatar da shi. Alhaji ya ce bari ya wanke jiki ya sako riga. Bature ya ce a'a, don Allah a roƙe shi ya tsaya yadda yake. Alhaji ya ce, "Malam, gyaran rumbu yake son koya?" Na ce hoto yake so, na ƙungiyar agaji. Ya ce, "To, baƙo ne, a yi masa."

Aka shiga aiki. A ture babur ɗin Alhaji gefe. A ɗauke rediyon da ke rataye a danga. Ya cire agogo. Ya daina murmushi. Ya dubi cikin rumbu, ya dubi sama, ya buɗe tafin hannu. Ni ke fassarawa, raina yana ta ƙi. Na ja Bature gefe na nuna masa sauran rumbunan da ke jere a bayansa, na ce duk cike suke, wannan ne kaɗai aka kwashe don gyara. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya ci gaba da ƙyasƙyas ɗinsa. Na koma wajen Alhaji na ce ya sa a ɗaga jinka guda baƙo ya leƙa. Ya harare ni. "Cikin wannan hali zan buɗe rumbu ina nuna wa baƙo? Maƙwabta fa suna kallo." Gaskiyarsa, don gidaje da dama daga rumbunan nan suke ci a asirce, bai kuma so a san su wane ne.

Aka kawo tuwon shinkafa da kaza. Bature ya ci ya ƙara. Da za mu tafi aka bi shi da kwandon ƙwan zabi har mota.

Bayan 'yan watanni motocin agaji suka fara zuwa da buhunan jar masara. Wata ranar kasuwa ɗaya ta tsaya a Ɗambatta direban zai ci abinci. A jikin ƙofarta an manna wani ƙaton hoto: Alhaji Barau ne a bakin rumbu, hannu a buɗe. Wani malamin makaranta ya fassara wa jama'a rubutun da ke ƙasa, wai wannan dattijo ya wayi gari ba shi da ko ƙwayar hatsi, a taimaka masa. Wannan fa a kasuwar da manyan 'yan hatsi ke tashi tsaye idan Alhaji ya shigo.

Kun san Bakano da tsokana. Abokan wasansa suka riƙa tare shi suna danƙa masa kwabo, wai ya sa musu albarka. Wani surukinsa na can nesa, wanda bai san dawan garin ba, ya aiko da tiyar gero da saƙon jaje. Wannan ce ta fi yi masa ciwo, don da zuciya ɗaya aka aiko.

Alhaji ya zo ofis da kansa, cikin farar shadda. Oga Tijjani ya ba shi kujera ya sa aka kawo lemo. Alhaji ya ce yana so a rubuta wa mutanen nan a ce ƙarya ce. Oga ya ce, "Alhaji, wannan hoton shi ya kawo motocin nan. In muka rubuta cewa mayunwacinmu ya fi kowa hatsi, gobe za a cire mu daga lissafi." Daga fadar hakimi ma saƙon ya zo daidai da na Oga: a ɗan dakata da naɗi. Ba a baje dami dubu da kiɗan kalangu a ƙasar da rahoto ya ce ana mutuwa.

Da na raka shi waje ya tsaya ya dube ni. "Malam Sale, tsakaninka da Allah, masarar nan tana kaiwa wajen mutanen iyaka?"

Na ce tana kaiwa. Ba duka ba, don wasu buhunan ƙafa gare su, sukan sauka a kasuwa, amma tana kaiwa.

Ya ce, "To, a bar shi. Na haƙura da bana."

Damina ta zagayo, Allah ya ba da ruwa. Bayan kaka sai ga takarda daga hedikwata: ƙungiyar za ta dawo da mai hotonta, suna son ganin halin da dattijon nan yake ciki. Hankalin Oga ya tashi. Ya aike ni in lallaɓa Alhaji ya nemo rigar nan ya sake sawa. Na isar da saƙo kamar yadda aikina ya ce. Alhaji ya ce, "Wancan karon ina aiki suka same ni. Wannan karon da sanarwa za su zo. Gaya wa ogan naka mutanen iyaka sun yi girbi, ni ma zan karɓi sunana."

Ranar da suka zo, Alhaji ya karya dokar kansa. Ya sa aka ɗaga jinkar kowane rumbu. Sabbin damman gero da dawa aka jera su daga ƙofar gida har bakin hanya. Aka fito da shanun noma, an wanke su tas. Shi kuma ya fito da babbar riga mai aska takwas, agogo a hannu, 'ya'ya da jikoki a bayansa. Ni kaina sai da na ji ƙwalla, don ban taɓa ganin arziƙin noma ya tsaya a fili haka ba.

Bature ya yi ta ɗauka, ya canza fim ya sake canzawa, yau babu maganar ƙidaya. Ya kama hannun Alhaji da hannu biyu yana girgizawa, idonsa ya kawo ruwa. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa duk wannan gumin mutumin ne, ko mudu ɗaya na agaji bai taɓa shiga gidan ba. Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Na koma gida ina murna, na ce wa maiɗakina yau an wanke Alhaji Barau.

Da rani mujallar ƙungiyar ta iso ofis, takarda mai sheƙi. A bangon gaba hotuna biyu ne gefe da gefe. Na hagu Alhaji a bakin rumbu da toka, an rubuta "Kafin taimakonku." Na dama Alhaji da babbar riga a tsakiyar damma, an rubuta "Bayan taimakonku." A ciki an yi bayanin yadda buhun masara da ingantaccen iri suka ta da tsoho daga bakin kabari cikin damina ɗaya. An yaba wa sashenmu da suna. Kafin ƙarshen shekara Oga Tijjani ya samu ƙarin girma.

Mutanen wani mai neman sarautar ba su yi barci ba, suka kai mujallar fada. Babu wanda bai san gaskiya ba a majalisar nan, wasunsu ma tuwon Alhaji ne ya riƙe su a farin. Amma hakimi ya riga ya sa hannu a takardar godiya ga ƙungiyar, manyan baƙin da za a gayyato daga birni kuma sun ga hotunan. Aka ce sharaɗin sarautar shi ne noman gumi, ga shi duniya ta shaida wannan noman agaji ne. Aka naɗa ɗaya mutumin.

Na je gaishe da Alhaji Barau washegarin naɗin. Na same shi a gona yana baza taki, kamar ba abin da ya faru. Muka gaisa. Shi ya fara magana, bai ko ajiye kwandon takin ba.

"Malam Sale, da suka ce ba ni da komai ban damu can ba, don na san abin da ke rumbuna. Yanzu sun ce abin da ke rumbun ma ba ni na noma ba."

Ya yi noma bayan nan shekaru masu yawa, ya ci da jama'a, ya rasu babu rawanin.

Abin da na koya ke nan, shi nake bar muku yau da nake ajiye aiki. Manomi yana iya jure fari, ya jure fara, ya jure farashin taki, amma guminsa shi ne sunansa, kuma a hannunmu yake bayar da shi duk ranar da muka kai masa baƙo. Masu kyamara har yau suna zuwa, wasu daga Turai, wasu daga nan birni, yanzu har da ku. In za a ɗauki manominku, ku tambayi abin da za a rubuta a ƙarƙashin hoton tun kafin ya cire agogonsa.